Magini Ya Dawo Daga Farisa

Kun taru a ƙofar gidana, mutanen Wunti,
kuna leƙen jaka.
Jakar ba nauyi. Ku zauna, tsarabar tana bakina.

Alhaji Maikano na raka aikin ido,
ni ne sandarsa har wata guda.
Shi yana kwance da bandeji a fuska,
ni ina yi masa kallon ƙasar mutane.

Mai tasi ne ya fara ɗaure mini kai.
Na miƙa kuɗi, ya dafa ƙirji, ya ce in bar su.
Na ce madalla, na mayar aljihu, na kama hanya.
Ashe kara ce, sai an ƙi sau uku ake karɓa!
Tafinta ya biyo ni yana haki.
Na ce, to, kunyar Fulaninmu ta riga ni sauka a nan.

Shayinsu ja wur, ba madara,
a datse sukari da haƙori a riƙa kurɓa.
Gurasarsu kan tsakuwa mai zafi ake gasa ta,
tsawonta ya kai sallayar yaro.

A Isfahan na ɗaga kai har hulata ta faɗi.
Shuɗin ƙubbar nan,
ko marinar da ta fi kowace tsufa ba ta taɓa fitar da irinsa ba.
Akwai gada mai baka-baka, kogin ya ƙafe,
tsofaffi na zuwa ƙarƙashinta da dare
suna rera wa ruwan da ya tafi.

Amma Yazdu ce ta karya mini zuciya.
Laka, jama'a. Laka irin tamu!
Na shafa bango na ji ramno a tafin hannuna,
na shinshina, kamar soron kakana.
Sun yi wa iska hasumiya, tana shigowa ta sama
ta sauko ɗaki a sanyaye, kamar ta kwana a randa.
Ba wanda ke jin kunyar gidan ƙasa a can.

Sai kangon da ke bayan Shiraz.
Ginshiƙai tsaye kamar giginyu, rufin ya daɗe da tafiya.
Bijimai na dutse masu fukafukai
suna gadin ƙofar da ba ta da gida.
A jikin matakala an sassaƙa mutane a jere,
wannan da rago, wancan da tulu, wani da ƙyalle a kafaɗa,
shekara dubu biyu da ɗoriya suna hawa,
har yau gaisuwar ba ta isa hannun sarki ba.
Matafiyan da suka riga ni sun karce sunayensu a dutse.
Ina da ƙusa a aljihu. Ban ciro ta ba.

Tsohon da ke zagayawa da mu, Firuz,
ya ce, kai magini, me magabata suka bar muku?
Na buɗe ƙirji na ce ganuwa, mai ƙofa tara.
Ya ce nuna mini.
Na yi ta latsa waya:
bulo, bulo, kwano, shagon da na ɗora wa bene a Yalwa.
Sai na tuna ina ɗan shekara sha bakwai,
da jakuna huɗu da diga,
wace ƙasa muke sara muna buga tubali.
Na ce masa hoton ya goge.

Jiya bayan la'asar na taka wajen Ƙofar Tirwun.
Wani guntun tudu ya rage,
akuya a kansa, leda a gindinsa.
Na dafa shi, da sauran ɗumin rana.
Jikana Sagiru ya ce, Kaka, me ka yar a nan?
Na ce riƙe wayar nan da kyau,
ka ɗauke mu tare.